NAZARI: Daga gidan Osinachi zuwa dajin Shakahola: Ina iyakar biyayyar Kirista ga shugabansa?

A ranar Litinin 28 ga Afrilu, 2025, Babbar Kotun Babban Birnin Tarayya da ke Abuja ta yanke wa Peter Nwachukwu hukuncin kisa ta hanyar rataya, bayan ta same shi da laifin mutuwar matarsa, fitacciyar mawaƙiyar bishara Osinachi Nwachukwu. Osinachi ta rasu a ranar 8 ga Afrilu, 2022, tana da shekara 42. Da farko an ce ciwon daji ne ya yi ajalinta. Ba a jima ba 'yan uwa da abokan aiki suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya suna ba da labarin duka da wulaƙanci na shekara da shekaru. Gwamnatin Tarayya ta gurfanar da mijin bisa tuhuma 23, ta kira shaidu 17. Lauyoyinsa sun jingina da rahoton binciken gawa suna cewa rashin lafiya ce ta kashe ta, amma Mai Shari'a Nwosu-Iheme ta ce masu gabatar da ƙara sun gamsar da kotu. Doka ta bar masa ƙofar ɗaukaka ƙara.

Kotu ta yi nata, to amma akwai tambayar da ba aikin alƙali ba ne ya amsa ta. Matar da muryarta ta karaɗe ƙasar nan, wadda take jagorantar waƙa a ɗaya daga cikin manyan coci-cocin Abuja, wadda take da abin hannunta da dangi da dubban masoya, me ya ɗaure ta a gidan da ake gana mata azaba? Amsar da ta fi fitowa daga bakin makusantanta ita ce sun sha ba ta shawarar ta fita, ita kuwa ta ce tana addu'a, Allah zai sauya shi, kuma rabuwar aure zunubi ce. Shugaban cocinta, Fasto Paul Enenche na Dunamis, ya fito ya ce shi rashin lafiyarta kawai ya sani, bai ji labarin duka ba sai bayan rasuwarta, kuma cocinsa ba ya lamuntar cin zarafi. Babu dalilin ƙaryata shi. Sai dai ko da an ɗauki maganarsa ɗari bisa ɗari, abin da ta nuna ya fi tayar da hankali: mutane da dama sun sani, labarin kuwa bai taɓa isa inda za a iya tsawatarwa ba.

Wannan shi ne zaren da ya haɗa mutuwar Osinachi da wasu al'amuran da a zahiri ba su yi kama da ita ba. Akwai wata irin tarbiyya da ta yi jijiya a sassa da dama na Kiristancin Najeriya da ma Afirka, wadda ke jera mutane hawa-hawa: Allah a sama, sai “bawan Allah” a ƙarƙashinsa, sai miji, sai mata, sai yara. Kowane hawa aikinsa ya yi wa na sama biyayya, kuma yin tambaya ana lissafa shi a matsayin tawaye. A irin wannan tsari umarni yana sauka daga sama cikin sauƙi, ƙorafi kuwa ba shi da matakalar hawa. Kafin mai karatu Musulmi ya ce wannan rigimar gidan maƙwabta ce, ya tuna da Maitatsine a Kano a Disambar 1980, da kuma mutum sama da 300 da 'yan sanda suka fito da su daga wani gida a Rigasa ta Kaduna a Satumbar 2019, wasu da mari a ƙafa, waɗanda iyayensu ne da kansu suka kai su. Makauniyar biyayya ba ta da addini ɗaya. Muna magana a kan coci ne a yau saboda a nan ne abubuwan suka taru a 'yan shekarun nan.

Inda hanyar take ƙarewa

A watan Afrilun 2023 jami'an tsaron Kenya suka fara tono gawarwaki a dajin Shakahola da ke yankin Kilifi, kusa da garin Malindi na bakin teku. Kafin a dakata adadin ya haura 400. Mabiyan Paul Mackenzie ne, wani tsohon direban tasi da ya kafa cocin Good News International Ministries, wanda ake zargin ya umarce su da su yi azumi har mutuwa domin su gamu da Yesu. Binciken gawarwakin ya nuna yunwa ce ta kashe akasari, amma wasu, har da yara, an shaƙe su ko an doke su. Waɗanda suka tsira sun ce an tsara mutuwar ne bi da bi: yara da farko, sai mata, sai maza. Mackenzie ya musanta tuhumar da ake masa. A lura da jerin nan. Shi ne jerin biyayyar da muka ambata, an juya shi ƙasa a sama: wanda ba shi da bakin magana shi ne ya fara tafiya. Kuma ba a ɓoye mutumin yake ba, domin an kama shi a 2017, an sake kama shi a 2019, har a Maris na 2023 ma ya shiga hannu a kan mutuwar wasu yara biyu aka ba da belinsa.

Kada a ɗauka abin ya yi mana nisa. A Yulin 2022, 'yan sanda suka fito da mutum 77, cikinsu har da ƙananan yara, daga wani ɗakin ƙarƙashin ƙasa na cocin Whole Bible Believers a garin Ondo. An gaya masu za a fyauce masu bi zuwa sama a watan Afrilu, da Afrilu ya wuce sai aka ce an ɗage zuwa Satumba. Wasu daga cikin yaran sun bar makaranta, wasu kuma sun ƙi bin iyayensu da suka zo ɗaukar su. Wata biyu ko uku kacal, da ɗan ƙarin tauri a umarni, su ne suka raba Ondo da Shakahola. Shekaru 16 kafin nan, a Yulin 2006, Chukwuemeka Ezeugo da aka fi sani da Rabaran King ya sa aka watsa wa mabiyansa shida fetur a Legas aka cinna masu wuta bisa zargin fasiƙanci. Ɗaya daga cikinsu, Ann Uzoh, ta mutu. An yanke masa hukuncin kisa a Janairun 2007, Kotun Ƙoli ta tabbatar a Fabrairun 2016. Mutum ɗaya ba ya iya tsare manya shida ya ƙona su. Akwai waɗanda suka ɗauko fetur, akwai waɗanda suka tsaya suna kallo, dukansu kuwa suna ganin ibada suke yi. Hausawa sun ce ba a mugun sarki sai mugun bafade. A nan dai sarkin da fadawan kowa ya taka tasa rawa.

Batun da ya fi girgiza Najeriya shi ne na marigayi T.B. Joshua, wanda ya kafa cocin Synagogue a Ikotun ta Legas, ya kuma rasu a ranar 5 ga Yuni, 2021. A Janairun 2024 sashen binciken BBC Africa Eye, tare da openDemocracy, ya saki wani shiri mai kashi uku bayan shekara biyu ana bincike, inda tsofaffin almajiransa sama da 25 daga Najeriya, Birtaniya, Afirka ta Kudu da wasu ƙasashe suka yi zargin fyaɗe, tilasta zubar da ciki, azabtarwa da shirya mu'ujizojin bogi. Cocin bai amsa zarge-zargen ɗaya bayan ɗaya ba, ya dai ce zarge-zargen da aka sha yi wa Joshua a baya ba su da tushe. Mutumin ya mutu ba tare da wata kotu ta same shi da waɗannan laifuffuka ba, kuma adalci ne a faɗi haka. Amma akwai abin da ba zargi ba ne. A ranar 12 ga Satumba, 2014, masaukin baƙi na cocin ya rufta ya kashe mutum 116, sama da 80 'yan Afirka ta Kudu ne. Joshua ya ɗora alhakin a kan wani jirgin sama da ya ce ya yi shawagi a kan ginin. Kotun binciken musabbabin mutuwa ta Legas ta gano a 2015 cewa an yi ginin ba tare da izini ba kuma matsalar gini ce ta kayar da shi. An gayyace shi ya ba da shaida, bai je ba. Ba a kuma kai shi da ƙarfi ba.

Wanda kotu ta kira ya ƙi zuwa ya kwana lafiya, ina wata budurwa 'yar shekara 20, da aka karɓe fasfonta, take kiransa uba, za ta kai ƙararsa? Yana da kyau a tuna cewa Ƙungiyar Cocin Fentikos ta Najeriya, PFN, ta daɗe tana nesanta kanta da Joshua tana cewa ba ɗanta ba ne. Wannan ya wanke ƙungiyar, amma bai kare ko mutum ɗaya a cikin harabar Ikotun ba.

Ayoyin da ake yanke wa rabi

Ƙarfin irin waɗannan shugabanni ba a kan bindiga yake ba, a kan nassi yake. Shi ya sa duk wanda zai yi maganar da gaske dole ya buɗe Littafi Mai Tsarki, domin a nan ne aka ɗaure mutane, a nan ne kuma za a kwance su.

Ayar da ta fi kowace shan aiki ita ce Zabura 105:15, mai gargaɗi a kan taɓa waɗanda Allah ya keɓe. Da wuya a zargi wani babban fasto a Najeriya ba a ga mabiyansa sun cika Facebook da ita ba. Wanda ya karanta zaburar daga farko zai ga tana ba da tarihin Ibrahim da Ishaku da Yakubu ne, a lokacin da suke 'yan ƙalilan, baƙi masu yawo daga ƙasa zuwa ƙasa, Allah yana tsawata wa sarakuna a kan cutar da su. Wato ayar garkuwar marasa ƙarfi ce daga masu iko. A yau an juya ta ta zama garkuwar mai iko daga marasa ƙarfi. Haka ma labarin Dawuda da ya ƙi kashe Sarki Saul a cikin kogo, wanda ake yawan kafa hujja da shi: gaskiya ne ya ƙi ɗaga masa takobi, amma da Saul ya fita sai Dawuda ya bi shi ya ɗaga murya ya faɗa masa zaluncinsa a gaban jama'arsa, kuma bai koma fada ya miƙa wuya ba, ya ci gaba da gudun tsira da ransa. Shi kansa Dawuda da ya hau gadon mulki ya ci amanar Uriya, Annabi Natan ya shiga har gabansa ya nuna shi da yatsa.

A Sabon Alkawari lamarin ya fi fitowa fili. Littafin Ayyukan Manzanni sura 17 ya yaba wa mutanen Biriya, ya fifita su a kan na Tasalonika, saboda suna sauraron Bulus da marmari amma kullum suna komawa ga Nassi su duba ko abin da ya faɗa haka yake. Manzo ne sukutum ake bin diddigin wa'azinsa, marubucin kuma ya kira hakan halin kirki. Bulus da kansa ya ba da labari a wasiƙarsa ga Galatiyawa cewa ya tsawata wa Bitrus ido da ido a Antakiya a gaban kowa. Wasiƙar Yohanna ta fari ta umarci masu bi, ba shugabanni kaɗai ba, su gwada kowane ruhu saboda annabawan ƙarya sun yawaita. Gaskiya ne Ibraniyawa 13:17 ta ce a yi wa shugabanni biyayya, kuma ba wanda ya isa ya goge ta. Amma dalilin da ayar ta bayar shi ne su masu ba da lissafi ne a kan rayukan da aka ba su kiwo. Bitrus kuwa ya hana dattawa nuna wa garken sarauta. Biyayyar da nassin ya sani tana tafiya ne da hisabi. Wadda ba ta da hisabi wani abu ne daban da aka sa wa rigar nassi.

Akwai wata ayar da yadda ake amfani da ita ya fi cutar da mata musamman. 1 Timoti 5:19 ta ce kada a karɓi ƙara a kan dattijon ikkilisiya sai da shaidu biyu ko uku. Manufarta a bayyane take, kare shugaba daga ƙage, kuma ƙage yana faruwa. Sai dai laifin da ake yi a ɗaki a rufe ba ya zuwa da shaidu, don haka idan aka ɗauki ayar a matsayin ƙofar rufe bincike, to an ba mai lalata lasisi ke nan. Aya ta gaba, wadda ta ce a tsawata wa masu laifin a gaban kowa domin saura su ji tsoro, ba kasafai ake jin ta daga mumbari ba. Idan mata uku ko goma da ba su san juna ba suka zo da labari iri ɗaya, ai shaidun sun cika.

Miji a matsayin ƙaramin fasto

Komawa gidan Osinachi, nassin da ake karantawa a kusan kowane ɗaurin aure shi ne Afisawa sura 5, inda aka ce mata su yi wa mazansu biyayya. Ana farawa daga aya ta 22. Aya ta 21 kuwa ta ce masu bi su yi wa juna biyayya, kuma masana sun daɗe da lura cewa a tsofaffin rubuce-rubucen Girkanci aya ta 22 ba ta da nata fi'ilin, daga ta 21 take aro. Wato jimla ɗaya ce aka datse ta a tsakiya. Abin da aka ɗora wa miji a aya ta 25 ya fi nauyi nesa ba kusa ba: ya ƙaunaci matarsa kamar yadda Almasihu ya ba da ransa. Kiristoci sun sha bamban a kan ma'anar shugabancin miji, kuma ba wannan shafi ne zai raba masu gardama ba. Akwai masu riƙe da shi da gaskiya suna zaune da iyalinsu lafiya. Amma ko a fahimta mafi tsauri, babu inda aka ba miji sanda. Ayar Malakai 2:16 da ake ja a ce Allah yana ƙin saki, ita ɗin ce dai ta ambaci mai lulluɓe kansa da zalunci.

Littafin ma bai ɗauki mace a matsayin wadda biyayya ke ɗauke wa alhaki ba. Safiratu ta bi mijinta Hananiya a kan ƙarya, aka tambaye ta ita kaɗai, hukunci ya same ta ita ma. Abigayil ta saɓa wa mijinta Nabal ba da saninsa ba, ta ceci gidan daga halaka, aka yaba hankalinta. Firiskila da mijinta Akila suka ja Afolos gefe, shahararren mai wa'azi, suka gyara masa koyarwa. Waɗannan labarai suna nan cikin Littafin da aka kammala fassarawa zuwa Hausa tun 1932, kowa na iya dubawa.

A ƙasarmu nassin da aka datse ya haɗu da al'adar da ke jiransa. Abin da ake gaya wa amarya a Kano shi ake gaya mata a Kafanchan da Inugu: ki yi haƙuri, aure ɗan haƙuri ne, kada ki tona asirin gidanki. Haƙuri hali ne mai kyau, ba mai musun haka, amma idan mutum ɗaya kawai ake nema da shi kullum to ya tashi daga nasiha. Binciken Lafiya da Yawan Jama'a na Ƙasa na 2018 ya nuna kashi 31 cikin 100 na mata 'yan shekara 15 zuwa 49 sun taɓa fuskantar duka tun daga shekara 15, kashi 36 na waɗanda suka taɓa aure kuwa sun ɗanɗana cin zarafi daga miji, na jiki ko na jima'i ko na zuciya. Fiye da rabin waɗanda abin ya shafa ba su taɓa neman taimako ba. Waɗannan matan suna cikin sahun masallaci da bencin coci duk mako. Ga mawaƙiyar bishara ko matar fasto akwai ƙarin sarƙa, domin aurenta wani ɓangare ne na shaidarta a idon jama'a; ranar da ta fita, ranar gayyata za ta fara raguwa.

Me ya hana gwamnati shiga?

Duk lokacin da irin wannan ya faru sai a ji kira cewa gwamnati ta sa wa coci-coci linzami. Ruwanda ta bi wannan hanya, ta kafa doka a 2018 da ta wajabta wa masu wa'azi ilimin tauhidi, ta kuma rufe dubban wuraren ibada. A Kenya Shugaba William Ruto ya kafa kwamiti bayan Shakahola domin duba dokokin ƙungiyoyin addini. A Najeriya an gwada sau biyu, sau biyun aka ja da baya. A Janairun 2017 wata ƙa'idar Hukumar Kula da Rahoton Kuɗi, wadda ta ƙayyade wa shugabannin ƙungiyoyi wa'adin shekara 20, ta sa Fasto Enoch Adeboye ya naɗa wani ya riƙe reshen Najeriya na cocin Redeemed. Cikin kwana biyu Shugaba Muhammadu Buhari ya sallami shugaban hukumar, Jim Obazee, aka dakatar da ƙa'idar. A Agustan 2020 aka sa hannu a sabuwar Dokar Kamfanoni, wadda sashe na 839 nata ya ba hukumar CAC ikon dakatar da amintattun ƙungiya ta naɗa masu riƙo. Ƙungiyar Kiristoci ta Najeriya, CAN, ta yi fatali da shi, a 2023 kuma wata Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta soke sashen.

Tsoron da shugabannin Kirista suka nuna ba na banza ba ne. A ƙasar da addini da siyasa suka cakuɗe, inda a wasu jihohi samun takardar filin coci ya zama jidali, ba wa jami'in gwamnati ikon cire shugaban ikkilisiya wuƙa ce mai baki biyu. Sashe na 38 na Kundin Tsarin Mulki ya ba kowa 'yancin addini, kuma gwamnatin da za ta tantance wa'azin gaskiya da na ƙarya ta fi faston bogi hatsari. Sai dai duka, fyaɗe, tsare mutum da hana yaro makaranta laifuffuka ne tun asali, ba sa buƙatar sabuwar doka. Dokar Hana Cin Zarafin Jama'a ta 2015, wadda hukumar NAPTIP ke aiwatarwa a Abuja, ta haɗa har da cin zarafi na baki da na zuciya. Abin da ya yi ƙaranci shi ne ɗan sandan da zai ƙwanƙwasa ƙofar mutumin da gwamnoni ke durƙusa wa neman addu'a kafin zaɓe. Wanda kuma ya ce wa gwamnati ta tsaya a waje, ya ɗauki nauyin share ɗakinsa da kansa. Ba a cin riba biyu.

A nan ne coci-cocin Arewa masu amfani da Hausa suke da abin da ya kamata su riƙe da kyau. ECWA, COCIN, EYN, HEKAN da takwarorinsu sun gaji tsarin majalisu: dattawan da jama'a ke zaɓa, fastocin da ake sauya wa wurin aiki, shugabanni masu wa'adi, baiko da ake ƙirgawa a gaban shaidu a karanta rahotonsa. Fasto a irin wannan tsari ma'aikaci ne, ba mai gida ba. Cocin da mutum ɗaya ya kafa, shi ne shugaban amintattu, matarsa mataimakiya, ɗansa magaji, ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan birki. Abin damuwa shi ne salon na biyu yana cin na farko a hankali, ta talabijin da wayar hannu, har ƙaramin fasto a ƙauye ya fara son a kira shi da laƙabin da ba a san shi da shi ba, ya fara cewa “Allah ya gaya mini” a inda da zai ce “bari mu kai wa dattawa.”

Amma kada a yi saurin yabon tsari. Cocin Ingila yana da majalisu da dokoki na ɗaruruwan shekaru, duk da haka a Nuwamban 2024 Akbishop na Canterbury, Justin Welby, ya yi murabus bayan wani rahoto a kan John Smyth, lauyan da ya azabtar da yara da samari sama da 100. Wasu limamai sun san labarin tun 1982 suka rufe, mutumin ya koma Zimbabuwe a 1984 ya ci gaba, ya mutu a Afirka ta Kudu a 2018 ba tare da ya fuskanci hukunci ba. Majalisar da duk mazauna cikinta maza ne, abokan juna, masu tsoron abin kunya fiye da tsoron zalunci, tana iya yin abin da mai kama-karya ɗaya ke yi, sai dai ita da takarda da sa hannu. A yawancin coci-cocinmu na Arewa mata ne suka fi cika benci, Zumuntar Mata ce ƙashin bayan waƙa da ziyara da tara gudunmawa, amma idan aka zo teburin da ake yanke hukunci a kan matar da ta gudo daga gidan miji, sau da yawa ba mace ko ɗaya a wurin. A mayar da ita a ce a yi sulhu. Wani lokaci ma ita ce za a sa a ƙarƙashin horo saboda ta bar ɗakinta.

Abubuwan da za su sauya wannan ba sa buƙatar majalisar dokoki. Ikkilisiya na iya rubuta a fili cewa duk ƙorafin duka ko lalata za a kai shi ga hukuma, ba ofishin fasto kawai ba. Tana iya sa mata a kwamitin da ke sauraro, ta kuma ware hanyar kai ƙarar shugaba wadda ba ta bi ta hannun shugaban ba. Tana iya faɗa daga mumbari, da baki ba da ishara ba, cewa matar da ta fita don tsira da ranta ba ta yi zunubi ba. Bayan rasuwar Osinachi fastoci da dama sun faɗi haka, abin a yaba ne, sai dai ya zo kamar ihu bayan hari, kuma ba a san nawa ne suka mayar da shi ƙa'ida a rubuce ba. Ga mai bi shi kaɗai kuwa alamomin ba ɓoyayyu ba ne: shugaban da ke raba ka da danginka, wanda ke riƙe takardunka ko albashinka, wanda ke zaɓa maka miji ko ya hana ka asibiti, wanda ke tsine wa duk wanda ya bar cocinsa, wanda ba wanda ya isa ya tambaye shi ina kuɗi suka tafi. Masu cewa irin wannan magana tana ba maƙiyan coci makami su tuna cewa gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, kuma BBC ba ta shiga Ikotun ba sai da waɗanda suka fito daga ciki suka shekara suna magana ba mai sauraro.

Shari'ar Mackenzie da mabiyansa ta ɗauki shekaru a kotunan Kenya, iyalai da yawa kuma sun daɗe suna jiran sakamakon gwajin ƙwayoyin halitta kafin a ba su gawar da za su binne. Cocin Synagogue yana ci gaba a ƙarƙashin Evelyn Joshua, matar marigayin. A Abuja kuwa, biyu daga cikin shaidu 17 da suka tsaya a gaban Mai Shari'a Nwosu-Iheme 'ya'yan Osinachi ne na cikinta. Abin da suka faɗa wa kotu sun daɗe suna ganinsa a gida, a shekarun da mahaifiyarsu ke tsayawa a gaban dubban jama'a tana waƙa duk Lahadi.